Maganar da Ba a Yi wa Matafiyi a Bakin Tasha

Ɗana, ranar da yaro zai bar Zabori ya nufi Gaya, daga can ya tsallaka Malanbil ko ya bi ta Kamba ya shiga Najeriya, nasiha ba ta yi masa kaɗan. Uwa ta ce ya riƙe salla. Uba ya ce ya kiyayi kayan mutane. Kawu ya nuna masa inda ake ɗinke kuɗi a cikin wando, yayansa ya koya masa yadda ake magana da 'yan duwan da jandarmomi. Abu guda ne kowa yake tsallakewa, alhali kuwa shi ne zai fara kama shi tun bai ga Kandi ba: ina zai zagaya, kuma yaya zai yi in ya tarar da wurin ba irin wanda ya sani ba? Kunya ce take rufe mana baki. To, ni yau zan ajiye ta gefe, domin kunyar da nake guje maka ta fi wadda zan ji.

Addininmu bai taɓa ɗaukar wannan magana abin ɓoyewa ba. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa wasu sun yi wa Salmanul Farisi ba'a, wai Annabinsu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya koya musu komai har da zaman bayan gida. Salmanu bai sunkuyar da kai ba. Ya amsa cewa haka ne, ya kuma lissafa musu ladubban ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya san Ahalari da Ishmawi da Risala ba su kai ka ga salla sai sun bi da kai ta babin tsarki. Sai dai an rubuta su ne a zamanin rijiya da buta da dutse, ɗanmu kuwa yanzu yana kwana a Kwatano ya wayi gari a Jidda ko Faris. Hukuncin yana nan yadda yake. Kayan aikin ne suka sauya, su ne kuma ba wanda ya nuna masa.

A gida ƙasa ce take yi mana rabin aikin. Ka shiga makewayi da butarka, ka tsuguna, ka kama ruwa, yashi ya shanye, rana ta busar da saura. Ba ƙofa, ba sakata, sai zana, sai gyaran murya in ka ji motsi, ko rigar da ka rataya ta faɗa wa mai zuwa cewa da mutum. Da yawanmu ma ba mu da masai a gida, sai bayan gari. Ƙididdigar UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna kusan mutum biyu cikin uku a Nijar a fili suke biyan buƙata. Ban kawo wannan don cin fuskar kowa ba. So nake ka san cewa in ka tsaya gaban farin masai na tangaran ka rasa ta inda za ka fara, rashin sabo ne kawai. Su ma masu shi ba da shi aka haife su ba. A 1854 kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane a unguwa guda ta Landan, sai da likita John Snow ya bi sawunta har zuwa famfo ɗaya da ƙazanta ta shiga ruwansa. A 1858 warin kogin birnin ya hana 'yan majalisarsu sakat, sannan suka yarda a gina magudanan ƙarƙashin ƙasa. Wuya ce ta koya musu. Kai tambaya za ta koya maka cikin minti biyu, in ka yarda ka yi ta.

Tun daga bakin kogi aikin yake farawa. Da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 jama'a suka koma tsallakawa da kwale-kwale, bakin ruwa ya cika da matafiya da 'yan dako da masu abinci, kowa kuma da cikinsa. Kada ka biya buƙatarka a wurin nan, ko da ka ga wasu na yi. Ruwan da ka ɓata, 'yan taku kaɗan a ƙasa wata tana wanke kwanon da za a zuba maka shinkafa. Ta haka kwalara take yawo. A 2021 ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, jihar Doso na cikin inda ta shiga. An hana mu ɓata mashaya da hanya da inuwar da mutane ke hutawa tun likitoci ba su ga ƙwayar cuta da idonsu ba.

Daga Malanbil zuwa Kwatano ya haura kilomita 700, ta Kandi da Paraku, direba kuma ba ya tsayawa don kai kaɗai. Duk inda ya tsaya, sauka ka zagaya ko ba ka matsu ba. Riƙe 'yan canji a aljihu na daban, domin a tashoshi da kasuwannin Kurmi da kuɗi ake shiga, na fitsari daban, na babbar buƙata daban, na wanka daban. Na sha jin samari suna cewa su ba za su biya kuɗi don zubar da abin da suka ci ba. Wayon banza ke nan. Mai gadin wurin shi yake sayen ruwa, shi yake biyan motar da ke zuƙe ramin in ya cika, shi yake wanke abin da kai ba za ka iya kallo ba. Ba shi haƙƙinsa, ka kuma gaishe shi. Bangon da ka ga an yi wa rubutu da jan fenti a Legas ko Kwatano ko Abijan kuwa, ko ba ka yi boko ba, ɗauka gargaɗi ne kada a yi fitsari. Mai bangon ya gaji, baƙo kuma ya fi sauƙin kamu.

Ke kuma 'yata, naki ya fi wuya, na sani. Namiji ya juya baya ya gama, ke sai kin nemi sutura. Ki tafi da zane na daban mai faɗi, ki haɗa kai da wata mace tun a tasha, ɗaya ta kare ɗaya. Kada kunya ta sa ki shiga duhu ke kaɗai, kada kuma ki hana kanki ruwa wuni guda don gudun sauka. Riƙe fitsari yana cikin abubuwan da ke jawo wa mata ciwon mara.

Yanzu ga farin masai na zama, wanda za ka tarar a otal, a filin jirgi, a gidan mai hali. Leƙa cikinsa, za ka ga ruwa kwance a ƙasa. Ba toshewa ya yi ba. Bututun aka lanƙwasa da gangan don ruwa ya tsaya ya tare wari da ƙwari. Wannan lanƙwasa ita ce kuma rauninsa, domin bututun bai wuce faɗin tafin hannu ba, duk abin da bai narke ba a nan yake maƙalewa. Dutse, totuwa, kara, tsumma, ledar ruwa, ƙunzugu, ko ɗaya kada ya shiga. A ramin gida abin da ka jefa ya tafi ke nan. A nan dawowa yake yi, ko gare ka ko ga wanda ke hawan ƙasa, da duk abin da ke biye da shi.

Zama ake yi a kansa. Na san zuciyarka ba ta so, tana cewa yaya zan ɗora jikina inda wani ya ɗora nasa. Goge bakin da takarda, ko ka shimfiɗa ta a kai, ka zauna. Amma kada ka hau da ƙafa ka tsuguna. In ya tsage a ƙarƙashinka yankansa ya fi na kwalba, kuma a wurin da ba ka son likita ya ɗinke. Ko bai fashe ba, sawun takalmi biyu a kan mazaunin ya isa a san wanda ya shiga, a kuma ɗora wa duk 'yan ƙasarku. In ka gama, nemi abin dannawa a bisa tanki ko a bango. In maɓalli biyu ne, ƙaramin na fitsari, babban na ɗayan. Wani ma ba ya jiran hannunka, kana miƙewa zai kora da kansa, kada ka firgita. Tsaya ka ga ya tafi. In da saura, jira tanki ya cika ka sake, buroshin da ke tsaye a gefe kuma naka ne, ka goge abin da ka bari. Sannan sabulu, hannu biyu, kafin ka taɓa abinci ko ka miƙa wa wani hannu.

Babban abin da nake so ka riƙe, ko ka manta sauran, shi ne ka dubi daɓe kafin ka zuba ruwa. Bayan gida a duniya iri biyu ne. Akwai wanda aka gina don ya jiƙe: za ka ga rariya a ƙasa, daɓen ya ɗan karkata zuwa gare ta, ga famfo ko tiyo a gefe. Irinsa ne a Makka da Madina da Indiya da Indunusiya da yawancin biranenmu. Akwai kuma wanda aka gina don ya zauna a bushe, ba rariya, wani ma da katako ko darduma a ƙasa. Irinsa ne a mafi yawan Turai da Amurka. A wannan, kofi ɗaya na ruwa da ka zubar ba shi da inda za shi. Ko ya kwanta har wata tsohuwa ta zame ta karye, ko ya bi ƙarƙashin ƙofa, ko ya ratsa ya ɗiga a silin ɗin maƙwabcin ƙasa, washegari mai gida ya zo da takardar kuɗin gyara. Abin takaici, mu muna ganin mun fi su tsarki don muna wankewa da ruwa, su kuma suna kallonmu ƙazamai don mun bar musu ƙasa jagab. Ni a ganina kowa da gaskiyarsa, gyaran kuma a hannunka yake. Yi tsarkinka kana zaune, ruwan ya zuba cikin masai. Fara da takarda ta ɗauke mafi yawa, sannan ruwa kaɗan ya isa. In ɗigo ya faɗi ƙasa, goge shi kafin ka fita. Wanka ma cikin kwami ake yi ko cikin akwatin gilashi, labule ta ciki, ba a tsakiyar ɗaki da bokiti ba.

Buta ba ta shiga ko'ina, amma gorar roba ta rabin lita tana shiga aljihun riga. A mafi yawan filayen jirgi ba a wuce wurin bincike da ruwan da ya fi mililita 100 a mazubi ɗaya, don haka wuce da ita babu komai ciki, ka cika a famfon wanke hannu tun ba ka shiga ba. A Faransa sau da yawa masai a ɗaki ɗaya yake, famfo a wani, in ka shiga hannu rabbana sai ka zauna kallon bango. Yi wa gorar alama, kada ta koma ta sha, kada kuma ta hau teburin mutane.

To, in babu ruwa fa sam? Nan ne mutanenmu suke wahalar da kansu da abin da shari'a ta sauƙaƙe. Malamanmu na Malikiyya sun ce ruwa ya fi, haɗa shafa da ruwa ya fi duka, amma shafawa da abu busasshe, mai tsarki, mai gusar da ƙazanta, wanda ba ya cutarwa kuma ba shi da alfarma, ta wadatar a yi salla. Dutse ne a wancan zamani, farar takardar bayan gida kuma ta cika waɗannan sharuɗɗa. Jarida da duk takarda mai rubutu ba su shiga, saboda alfarmar rubutu. Akwai inda suka ce sai ruwa: in ƙazantar ta bazu ta wuce mafitarta da yawa, da maziyyi, da maniyyi, da jinin haila da na biƙi, da fitsarin mace. Shi ya sa gorar nan ta fi zama dole ga mata. Hanin fuskantar alƙibla ma ya shafi wanda ke fili babu sutura ne, a cikin gini an yi rangwame, don haka kada ka tsaya neman gabas a bayan gidan otal. Je ka zauna da malaminka kafin tafiya ku bi babin nan. Wanda ya bar salla kwana biyu a hanya wai jikinsa ba tsarki ya yi asarar da karatun rabin awa zai tare masa.

Takardar ma kowace ƙasa da inda take zubar da ita. A Faransa da Ingila da Amurka cikin masai ake jefa ta a kora. A Girka, da wurare da yawa a Masar da Caina da Burazil, bututun ba ya ɗauka, kwando ake sawa. In ka ga hoton takarda da jan layi a bango, ga kwando manne da masai, bi abin da ka gani.

Alhazanmu a jirgi suke haɗuwa da wannan duka a lokaci guda. Daga Yamai zuwa Jidda ko Madina tafiyar awa biyar ce zuwa shida, ɗaruruwan mutane, wuraren zagayawa 'yan ƙalilan, kowanne bai fi tsayuwar mutum ɗaya ba. Ƙofar sau da yawa ninkewa take yi in ka tura tsakiyarta. Da ka shiga, ja sakata har ƙarshe. Ita ce take ƙara hasken fitila, ita ce kuma take nuna ja a waje don a san da mutum. Gyaran murya ba ya aiki a nan, ƙarar inji ta cinye shi, kuma ba dattijon da ke so a buɗe masa ƙofa yana tsakiyar uzurinsa. Masai na jirgi da iska yake zuƙe abin. Rufe murfin ka danna, za ka ji ƙara mai ƙarfi ta ɗan lokaci, ba abin da ya lalace. Ƙasan wurin ba rariya, ƙarƙashinsa wayoyi ne da ƙarfen jirgi, don haka alwalar kwarara ruwa ba nan ne wurinta ba. Yi ta a filin jirgi kafin shiga. In ta warware, wanke kowace gaɓa sau ɗaya da ruwa kaɗan, farilla ta cika. Taba kuwa ko da wasa: akwai na'urar da ke jin hayaƙi, kuma ana miƙa mutum ga 'yan sanda a kanta da an sauka.

A ƙasa mai tsarki akwai tiyo a kowane bayan gida, za ka kuma tarar da na tsuguno irin wanda ka sani. Gwada ruwan a hannu tukuna, domin da rana tsaka tankunan da ke bisa rufi suna dafa shi. A Harami wuraren zagayawa a farfajiya suke, ana sauka ƙarƙashin ƙasa, na maza daban na mata daban. Riƙe lambar ƙofar da ka shiga, don kada ka fito ta wata fuska ka rasa 'yan'uwanka. Tattare mayafin harami a kafaɗa, ka kuma tsare waya da kuɗi kafin ka sunkuya.

Mina ce jarrabawa. A 2024 alhazai sun haura miliyan 1.8, kusan duka a kwari ɗaya na tantuna, ɗaki guda kuma shi ne masai shi ne wurin wanka. Layi yakan yi tsawo gab da kowace salla, musamman asuba, don haka je ka lokacin da mutane suke barci ko cin abinci. In ka shiga, tuna da na bayanka. Wankin tufafi da dogon wanka a wurin nan zalunci ne. In ka ga tsoho ko mai ciwon suga yana rawar ƙafa, ba shi wurinka, ban ga ladan da ya fi wannan sauƙin samu a Mina ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dabarar da tsofaffinmu suke yi, su daina shan ruwa don kada su bi layi. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya da kansu suka ce fiye da mutum 1,300 sun rasu, yawancinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba mafaka. Jikin da ke zufa a irin wannan rana ba a yi masa rowar ruwa. Sha, ka bi layi sau goma. In fitsarinka ya yi duhu ya koma ja-ja, ko ka wuni ba ka ji shi ba, ƙara shan ruwa ka nemi likitan tawaga. In da tsoho ka tafi, kai za ka riƙa miƙa masa gora kana raka shi, don shi ba zai roƙa ba.

Turai kuwa doka ce da kuɗi. A manyan tashoshin jirgin ƙasa akan biya rabin Yuro zuwa Yuro ɗaya, wato har sefa 650 da 'yan kai. Da zafi, amma tarar fitsari a titi a Faransa Yuro 135 ce, jika 88 da wani abu, wanda kuma takardunsa ba su cika ba, tsayawar ɗan sanda a kansa ta fi tarar tsada. A Faris akwai ɗakunan zagayawa a bakin titi, kyauta tun 2006, masu wanke kansu. In wani ya fito kada ka faɗa nan take, bari ƙofar ta rufe ta gama wankinta ta nuna kore. Dubi hoton da ke jikin ƙofa da kyau: mai siket na mata ne, ko da kai babbar riga ka sa. Shiga na mata bisa kuskure a can ba abin dariya ba ne. A na maza za ka ga kwamaye jere a bango, ana fitsari a tsaye kafaɗa da kafaɗa. Kada ka wanke hannu a ciki, ba kuma dole ne ka yi a nan ba, wuce ka shiga mai ƙofa.

Wajen alwala kuwa, ɗaga ƙafa a sa cikin kwamin wanke hannu yana ɓata wa mutanen can rai ƙwarai, domin a nan suke wanke fuska da baki. Manyan filayen jirgi irin na Santambul da Dubai suna da masallaci da wurin alwala, nemi shi. Inda babu, tara ruwa a tafi ka wanke ƙafar a ƙasa bisa takarda, ka goge wurin. Huffin fata kuma ya kamata ya shiga jakar duk mai zuwa ƙasar sanyi, a shafa a kansa a huta.

Sauran ƙasashe zan bi su da sauri. A Turkiyya masai na zama yana da ɗan bututun tsarki a bayansa, famfonsa na gefe, murɗa a hankali. A Italiya dokar 1975 ta sa gidaje suna da ƙaramin kwami kusa da masai, na tsarki ne kawai. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guwanzu ta Caina za su tarar da na tsuguno, amma sau da yawa ba takarda, sai abin da suka zo da shi. Na Japan maɓallai ne jere, mai feso ruwa, mai busarwa. Kada ka danna kana tsaye.

In a gidan mutum ka sauka, buɗe baki: “Malam, nuna mini yadda ake amfani da wurin nan, na garinmu ba irinsa ba ne.” Magana ce ta numfashi ɗaya. Ban taɓa jin an raina wanda ya faɗe ta ba. Wanda ake ba da labarinsa shekara da shekaru shi ne wanda ya yi shiru ya toshe wa mutane masai ranar biki. Tawul da soso da ke rataye na masu gida ne. Famfo mai jan alama na zafi ne, da kuɗi kuma ake dafa ruwansa. A ɗakin 'yan cin rani kuwa, mutum goma masai ɗaya, in ranar wankinka ta zo kada ka ce kai ɗan wane ne.

Kai kuma da ka riga ka waye, naka alhakin ya fi. Lokacin da wani baƙauye ya yi fitsari a masallacin Madina sahabbai suka taso masa, Annabi ya hana su, ya bari ya gama, ya sa aka kwarara guga na ruwa a wurin, sannan ya kira shi ya yi masa bayani cikin taushi. Ja ɗan'uwanka gefe tun a filin jirgi ka nuna masa. Ɗaukar kuskuren dattijo a waya a watsa a Facebook rashin tarbiyya ne. Da ni ke shirya bitar alhazai a Gaya ko Doso, da na sa an kawo masai na zama guda an ajiye gaban jama'a, maza daban mata daban, kowa ya ga inda ake zama da inda ake dannawa, yadda ake kafa siffar Ka'aba don koyon ɗawafi.

Saura ta ranar dawowa. Na ga masu dawowa daga Kurmi da 'yan kuɗi suna gina ɗaki su dasa farin masai don a san sun ga duniya. Wannan masai kowace kora tana cin kusan lita shida ko fiye, yana son famfo mai gudu da babban rami da motar zuƙa. A garin da mata ke jan ruwa da wasaki, 'yan watanni sun isa ya zama wurin da ba mai iya shiga. Gina na rami mai daɓen siminti, da murfi ko da bututun fitar da wari mai raga a baki don ƙuda. A ƙasar Dallol Mawri ruwa kusa yake, wani wurin 'yan gaba kaɗan ka tarar da shi, don haka kada ramin ya kusance shi. Bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakaninsu, ka nisanta shi daga rijiya da mita 30, ta wajen gangare. A bakin ƙofa ajiye buta da sabulu, in sabulu ya ƙare toka ta tsaya masa. Kuɗin tangaran ɗin kuma ka sayi siminti da shi, ka yi wa mata nasu daban.